Keken Tsere na Farko a Sakkwato: Yadda Za Ka Zaɓa Idan Aljihu Bai Cika Ba

Keken tsere na farko da na saya, kwana uku kacal na more shi. Ja ne, ɗan Italiya, siriri kamar barewa, in ka ɗaga shi da hannu ɗaya sai ka rantse ba ƙarfe ba ne. A rana ta huɗu na fita bayan sallar asuba na miƙe hanyar filin jirgi. Wata tirela ta matso ni, na sauka gefen kwalta, ban yi nisa ba na ji tayar baya ta yi fus. Tsidau ne. Na turo keken har wurin wani dattijo mai faci. Ya juya tayar, ya sake juyawa, ya nemi inda zai sa ƙarfe ya ɓanɓare ta, ya rasa. Sai ya ɗago ya ce, "Ɗana, wagga taya tub ɗinta ciki anka ɗinke shi, kuma manne ta anka yi ga wili. Mi kaka so in yi mata?"

Wata huɗu keken ya yi rataye a zaure yana shan ƙura, duk wanda ya shigo sai ya yaba kyansa. Ban da haka ma ya fi ƙarfin tsawona, na ƙi faɗa wa kowa ne kawai.

Tun daga nan na gane cewa a garin nan ba sunan kamfani ake fara dubawa ba, ba fenti ba, ba rashin nauyi ba. Abin tambaya shi ne: keken daidai jikinka yake, tayarsa za ta jure hanyarmu, kuma in ya lalace akwai mai gyara shi tsakanin Runjin Sambo da Mabera? Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawa.

Mataki na 1: Ina za ka riƙa hawa?

Keken tsere, wato mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago da siraran tayoyi, don kwalta aka yi shi. A kan Western Bypass, ko hanyar Bodinga, ko ta Wamakko, ko hanyar jami'a da ta ƙetara fadama ta Kwalkwalawa, zai ba ka gudun da ba ka taɓa ji a kan keke ba, da ƙarfi kaɗan. Amma in daga ƙofar gidanku zuwa bakin titi rairayi ne mai nutsewa, kuma abin da kake so shi ne zuwa kasuwa da ɗauko buhun gero, to wannan ba kekenka ba ne. Ba shi da kariyar ɗaukar kaya, ba shi da madigadi, siririyar taya kuwa nutsewa take yi cikin rairayi kamar wuƙa. Ka nemi keken hawa dutse mai faffaɗar taya, ko irin na iyayenmu, Raleigh ko Phoenix, wanda ba ya gajiya da kaya.

In kuwa motsa jiki kake so, ko zuwa makaranta da wurin aiki a kan titi, ko kana sha'awar wata rana ka yi kilomita 50 kafin rana ta take, ci gaba da karatu.

Mataki na 2: Raba kuɗin kafin ka ga keke

Farashin keke yana bin dala da sefa, abin da aka saya a watan jiya ba shi ne na yau ba, don haka ka zagaya ka ji bakin kasuwa da kanka. Abin da ba ya canzawa shi ne rabon. Duk abin da ka tara, ka ware kashi ɗaya cikin huɗu ka bar shi a gida, kada ma ka je da shi. Wannan na hular kwano ne, da famfo, da tub biyu, da fitila, da makulli, da gyaran farko, domin keken hannu ba ya zuwa babu abin taɓawa. Wanda ya zuba kuɗinsa duka a kan keke, shi ne za ka gani yana hawa da sanƙon taya yana addu'a.

Mataki na 3: Auna jikinka

Nan yawancinmu ke faɗuwa. Mun saba da keken gida, wanda uba zai hau, ɗa ya hau, ƙaramin yaro ma ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda ya tuƙa. Keken tsere kamar takalmi yake, kowa da lambarsa. Wanda ya yi maka girma zai sa ka miƙe hannu kamar mai ɗebo ruwa a rijiya, bayan rabin awa wuya da kafaɗa da ƙugu su fara ƙorafi. Wanda ya yi maka kaɗan gwiwa zai ci.

Ka aro tef ɗin tela. Ka tsaya ba takalmi, bayanka jikin bango, ka sa littafi mai kauri tsakanin ƙafafunka ka ɗaga shi sama har ya tokare, kamar kana zaune a kan sirdi. Wani ya sa alama a bango daidai saman littafin, a auna daga ƙasa zuwa alamar da santimita. Wannan lambar ka rubuta ta a waya, da ita za ka yi lissafi biyu.

Na farko, girman firam, wato gangar jikin keken: ka ninka ta da 0.66. In ƙafarka santimita 80 ce, kana neman firam mai lamba 53 ko kusa da haka. Na biyu, tsayin sirdi: ka ninka ta da 0.883. Ga mai santimita 80, zai fito kusan 70 da rabi, ana aunawa daga tsakiyar inda hannun feda ke juyawa zuwa saman sirdi.

In an bi ta tsayin mutum, wanda ke tsakanin santimita 160 da 168 yakan dace da 50 zuwa 52, mai 168 zuwa 175 ya nemi 52 zuwa 54, mai 175 zuwa 183 ya nemi 54 zuwa 56, dogo wanda ya wuce haka sai 58 zuwa sama. Wasu kamfanoni ba sa rubuta lamba, sai S ko M ko L, kuma M ɗin wannan ba lalle ya zama M ɗin wancan ba. Shi ya sa tef ya fi rubutun jikin keke gaskiya. Ka je da shi kasuwa, ba abin kunya ba ne.

Da ka isa, ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. Ya kamata a samu sararin yatsa biyu ko uku tsakaninka da sandar sama. Sannan ka hau, wani ya riƙe maka, ka kama saman birki, inda hannu ke zama mafi yawan lokaci. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, kafaɗa ta saki. In sai ka yi miƙa kafin ka kai, ya yi tsawo. In ka faɗa tsakanin lamba biyu, ɗauki ƙaramin. Ƙaramin keke ana ɗaga masa sirdi, a sauya masa wuya mai tsawo. Babba ba a rage shi.

Kada ka saurari "ai za ka saba". Mai sayarwa ne ke faɗin haka, kuma ba bayansa ne zai yi ciwo ba.

Mataki na 4: Taya da wili, inda maganar take

Da za a ce in bar maka mataki ɗaya in share saura, wannan zan bari.

Ka sunkuya ka karanta rubutun gefen taya. Abin da kake so ka gani shi ne 700 da wata lamba a bayansa, kamar 700x25 ko 700x28, ko kuma 25-622, 28-622. Wannan 622 ɗin faɗin wili ne da milimita, kuma shi ne ma'aunin kekunan tsere na yanzu a duniya. Tsofaffin kekuna da yawa, musamman na Ingila da Amurka da Japan na shekarun 1970 da 1980, suna da wili mai inci 27, wanda shi 630 ne. Bambancin milimita 8 kawai, amma tayar wannan ba ta shiga wancan ko za a kwana ana fama. Akwai kuma wani tarko: tayar keken iyayenmu da ake kira 28, wadda ke cike da kasuwa, ita 635 ce. Wasu kamfanonin Turai kuma suna rubuta 28 a kan tayar 700. Sai mutum ya je shago ya ce a ba shi 28, a ba shi ta Raleigh, ya dawo gida yana mamaki. Ka haddace 622, ita ce ba ta ruɗi.

Sannan ka tabbata taya ce mai tub daban, wadda ake ɓanɓarewa. Irin wadda ta ci ni, ɗinkakkiya da ake mannewa da gam, tana zuwa a kan tsofaffin kekunan gasa masu kyau, kuma arharsu ce ke jan mutum. Ka sace iskar ka matsa gefen tayar da babban yatsa: in ta ja baya ka ga bakinta da tub a ciki, lafiya. In ta tsaya manne kamar an haife su tare, ka yi sallama.

Sai faɗi. A da 'yan tsere suna hawa taya mai faɗin milimita 23, wasu har 20, a kan cewa siririya ta fi gudu. Yanzu su kansu manyan 'yan gasa sun koma 28 da sama. Mu da ke da ramuka, da tsakuwa, da rairayin da iska ke sharowa gefen titi, 28 ce mafi ƙanƙantar da zan ba sabon shiga shawara, in keken zai ɗauki 32 ma ya fi. To amma ba kowane firam ke ɗauka ba. Ka leƙa tsakanin taya da fok a gaba, wato sandunan nan biyu da ke riƙe da wilin gaba, da tsakanin taya da sandunan baya, da ƙarƙashin birki. In tayar 23 ce a kai kuma da ƙyar takarda ke wucewa, ba za ka iya ƙara faɗi ba har abada. In akwai sarari kamar kaurin ƙaramin yatsa ta kowane gefe, akwai hanya.

Abin da ya sa na dage a nan shi ne ƙaya. Tsidau yana bazuwa a ƙasa bayan damina, 'ya'yansa su bushe, kowanne da tsininsa a sama kamar an dasa shi don taya. Ga ƙarangiya, ga ƙayar bagaruwa da ta aduwa da awaki ke jawowa kan hanya. Taya mai shimfiɗar kariya a ciki, irin Schwalbe Marathon ko Continental Gatorskin, tana da tsada kuma sai an yi odarta, amma mutum yakan manta da mai faci na tsawon lokaci. In kuɗi bai kai ba, Kenda ko CST mai kauri ta fi siririyar tayar gasa da ta zo da keken. Wasu masu gyara suna yanka tsohon tub su shimfiɗa tsakanin taya da sabon tub. Yana ƙara nauyi, amma yana rage faci, ni ban raina dabarar ba.

Saura bawul. Yawancin kekunan tsere suna zuwa da siririn bawul mai ɗan noti a kai, ana ce masa Presta. Injin mai faci na bakin titi an yi shi ne don bawul irin na mota da babur, ba ya kama wannan. Akwai ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla da ake ɗaurawa a kai ya mayar da shi irin na mota. Ka sayi biyu, ɗaya a aljihu, ɗaya a gida, don ɓacewa yake yi kamar allura. Kada ka yarda a faɗaɗa ramin wili da abin huji don a sa babban bawul, siririn rim, wato zoben wilin da taya ke zama a kai, ba shi da naman da za a rage.

Mataki na 5: Da me aka yi firam?

Iri uku za ka tarar: ƙarfe, alminiyam, da kabon, wato wani zare mai ƙarfi marar nauyi da ake sandarar da shi da gam. Ka je da ɗan mayen ƙarfe, in ya manne, ƙarfe ne.

Alminiyam shi ne tsaka-tsaki. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, yawancin kekunan sabon shiga na Giant da Trek da Merida da Specialized da Triban da shi aka yi su, nauyinsu wajen kilo 10 zuwa 11. Aibinsa ɗaya: in ya tsage, mai waldar unguwa ba zai iya masa komai ba. Ƙarfe mai kyau, wanda za ka ga an rubuta Cr-Mo ko 4130 ko Reynolds 531 a jikinsa, ya ɗan fi nauyi, amma yana shanye girgizar hanya, kuma a busasshen gari irin namu tsatsa ba ta cika damunsa ba. Kada a raina tsohon Peugeot ko Raleigh na tsere don shekarunsa, in dai wilinsa 622 ne.

Kabon kuwa, ka bar shi sai kekenka na biyu. Kabon na hannu yana iya tsagewa ta ciki fenti na nan lafiya lau, kuma ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, karyewa yake yi gaba ɗaya. Hukumar tseren keke ta duniya ba ta yarda keken gasa ya gaza kilo 6.8 ba, masu kuɗi kuma suna kashe dukiya don su kusanci wannan lamba. Kai da za ka ɗauki gorar ruwa biyu a hanyar Shuni, kilo ɗaya ko biyu ba shi ne zai hana ka isa ba. Fok na kabon a kan firam na alminiyam abu ne da aka saba, sai dai a duba shi da kyau.

Mataki na 6: Giya da birki

Mafi yawan abin da za ka gani Shimano ne, kamfanin Japan. Kayansa na tsere hawa-hawa ne: Tourney mai giya 7 a baya, Claris mai 8, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 da Ultegra da Dura-Ace na manya. Dillali zai nuna maka 105 yana kaɗa kai. Gaskiya ne yana da kyau. Amma duk yadda giya ta ƙaru, sarƙa tana ƙara sirancewa, tana ƙara tsada, tana ƙara wuyar samu. Sarƙar giya 6 da 7 da 8 iri ɗaya ce, kuma ita ce kekunan hawa dutse da suka cika gari ke amfani da ita. Har ma abin sauya giya na baya na Shimano, na keken dutse mai 7 ko 8 ko 9, yana aiki da hannun giyar keken tsere mai wannan adadi. Ma'ana, in naka ya karye ran Talata, kana iya hawa ran Laraba. Claris ko Sora, nan zan tsaya in ni ne. Campagnolo na Italiya abin sha'awa ne, amma ranar da wani abu ya lalace za ka san nisan Italiya.

Sakkwato ba garin duwatsu ba ne, sai 'yan hawa da gangara. Abokin faman mai keke a nan iska ce, musamman ta hunturu in ta taso daga gabas maso arewa ta tare ka a ƙirji. Faranti biyu na gaba masu haƙora 50 da 34, da na baya 11 zuwa 28 ko 32, sun isa komai. Tsofaffi masu 52 da 42 ma za su yi, sai dai gwiwa ta ɗan ji.

A kekunan yanzu hannun birki shi ne hannun giya, ana tura shi gefe. Daɗi gare shi, amma shi ne abu mafi tsada a jikin keke mai arha, kuma in cikinsa ya karye ba a cika gyara shi ba. Ka gwada kowane danni, sama da ƙasa, hagu da dama. Tsofaffi masu 'yan sanduna biyu a jikin firam ba su da kwalliya, amma kusan ba sa mutuwa.

Birki kuwa, mai kama rim ya ishe ka. Ruwan sama 'yan watanni ne a nan, dogayen gangara babu, takalminsa da wayarsa kuma ko'ina akwai. Birkin faranti, wato mai kama wani faranti da ke tsakiyar wili, in mai waya ne ba laifi. Mai amfani da mai, ka tambayi mai gyaranka tukuna ko yana taɓa shi.

Mataki na 7: Sabo ko na hannu?

Da kuɗi kaɗan, na hannu mai asali ya fi sabo marar asali nesa ba kusa ba. Akwai sababbin kekuna masu ƙyalli da aka yi wa siffar keken tsere, da lanƙwasasshen kai da manyan rubuce-rubuce, wani lokaci har da sunan wata motar alfarma a jiki. Ka ɗaga ka ji. In ya kusa nauyin keken ɗaukar kaya, kuma sunan Shimano a wuri ɗaya kawai ya bayyana, sauran kayan babu suna, to riga ce aka sa wa jaki. Wata uku giya ta fara tsalle, wili ya fara rawa.

Kekunan hannu na Turai da Japan suna shigowa, wasu ta Legas da Kano, wasu ta Kwatano. Ka fara da masu sayar da keke na cikin gari, ka kuma gaya wa masu gyara abin da kake nema, don su ne ke fara jin wanda zai sayar. Keken tsere ba ya yawa a cikin kaya, wani lokaci sai ka yi haƙurin makonni kafin lambarka ta faɗo. A Facebook da Jiji ma ana samu, sai dai kada ka tura kuɗi a kan hoto. In keken yana Kano ko Kaduna, ka sa wani naka ya je ya gani da ido, ya auna da tef, ya ɗauko maka hoton rubutun taya da na haƙoran giya, sannan a ɗora a mota. A cire wilin gaba, a naɗe abin sauya giya na baya da kwali, don shi ke fara lanƙwasa in an danne shi da buhu.

Mataki na 8: Duba keken kamar mai sayen sa a Kara

Ka je da rana, ka je da mai gyara in da hali, ka biya shi ladan tafiyarsa. Kuɗin da ya fi kowanne amfani ke nan a duk cinikin.

Fara da firam. Ka goge ƙura ka bi duk mahaɗa da ido da yatsa, musamman bayan wuyan gaba, da ƙarƙashi inda feda ke juyawa, da inda wilin baya ke zama. Siririn layi kamar gashi a kusa da walda tsagewa ce. Fenti da ya tattare ko ya kumbura a bayan wuyan gaba alama ce an taɓa yin karo. Ka tsaya a gefe ka dubi fok: in ya ja baya zuwa firam, an daki wani abu da shi. Sitika a wurin da ba a saba sa sitika ba, ka ɗaga ta. Duk ɗayan waɗannan ka gani, ciniki ya ƙare, komai arha.

Ka kwance notin sirdi ka ga sandar tana motsi. Sandar alminiyam da ta shekara cikin firam na ƙarfe tana iya kamewa har abada, kuma keken da ba a iya daidaita sirdinsa ba naka ba ne.

Ka ɗaga kowane wili ka juya, idonka a kan tazarar da ke tsakanin rim da takalmin birki. 'Yar rawa kaɗan mai gyara zai daidaita ta da sifok. Tsalle sama da ƙasa, ko lotsawa a baki, wannan sai sabon wili. Ka shafa gefen rim inda birki ke kamawa: in ya zurma kamar cokali, ya cinye. Ka matsa wayoyin bibbiyu ka ji ko akwai sakakku. Ka kama wilin ka girgiza shi gefe da gefe, in yana ƙwas-ƙwas, boris ne. Haka za ka yi wa hannun feda. Sannan ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in wuya yana bugawa, shi ma boris ne. Waɗannan gyara ne mai sauƙi, amma kowanne dalilin rage kuɗi ne.

Sarƙa tana da awo. Cikakkun gaɓoɓi 12 na sabuwar sarƙa, ana ƙirga ta ciki da ta waje a matsayin ɗaya, inci 12 ne cif. In sun zarce da kamar milimita ɗaya da rabi, a sauya ta. In sun kai milimita 3, ta riga ta ci haƙoran baya, su ma sai an sauya. In ba ka da abin awo, ka ja sarƙar daga gaban babban faranti: in ta taso har ka ga haske ƙarƙashinta, ta gaji. Haƙoran da suka yi tsini suka karkata gefe ɗaya su ma sun gama aiki.

Daga nan ka hau. Ka bi duk giyoyin, ka taka da ƙarfi a tsaye ka ji ko sarƙa na zamewa, ka ja birki da gaske, ka sassauta hannu kaɗan ka ga ko keken na ja gefe ɗaya. Mai sayarwar da ya hana ka hawa ya riga ya ba ka amsa.

Mataki na 9: Ciniki da shaida

Duk abin da ka gano, ka lissafa kuɗin gyaransa a gaban mai kaya, cikin ladabi. "Alhaji, taya biyu sai an sake, sarƙa ta tafi, a duba mini." Zai ce albarka, ka ƙara kaɗan, in bai sallama ba ka yi godiya ka juya. Sau da yawa kafin ka kai bakin layi za a kira ka. Kada ka nuna keken ya shiga ranka, ko da ya shiga.

In an sallama, ka kifa keken ka karanta lambar da aka buga a ƙarƙashin firam. A rubuta ta a rasit, da sunan mai sayarwa da lambar wayarsa, a gaban shaida. In an goge lambar da abin gurza, ko mutum ya tare ka a lungu da keke mai tsada a kuɗin banza yana sauri, ka bar masa kayansa. Arhar da za ta kai ka ofishin 'yan sanda ba arha ba ce.

Mataki na 10: Makon farko

Kafin ka fara yawo, ka kai shi wurin mai gyara a buɗe boris a sa sabon giris, a sauya wayoyin birki da takalmansu in sun bushe. In za a cire feda, ka tuna masa ta hagu a juye take kwancewa, an sha lalata zare a nan. Ka daidaita sirdi da lissafin nan na 0.883, sannan ka gwada: dunduniya a kan feda, feda a can ƙasa, ƙafa ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Sababbin shiga kusan duka suna barin sirdi ƙasa don su riƙa taɓa ƙasa da ƙafa, gwiwa ce ke biya.

Ka sayi famfon tsaye mai agogo. Siririn tub yana rage iska cikin 'yan kwanaki ko babu huji, kuma taya mai laushi in ta daki bakin rami rim ne ke cizon tub ya yi huji biyu kamar saran maciji. Mai nauyin kilo 70 a kan tayar 28 zai ji daɗi wajen 70 zuwa 80 a ma'aunin psi da ke jikin agogon famfon. Kada ka cika har iyakar da aka rubuta a gefen taya sannan ka jingine keken a rana. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iska na kumbura, tsohon tub kuma ba ya jira.

Baƙin mai kada ya kusanci sarƙarka. Da ƙurar hunturu suke haɗuwa su zama abin wasa wuƙa, su cinye sarƙa da haƙora tare. Ka wanke ta da kananzir, ta bushe, ka ɗiga mai marar kauri a kowace gaɓa, ko na keken ɗinki ne in babu na keke, sannan ka goge na waje da tsumma har sai ta kusa bushewa. Kada kuma ka kai shi wurin wankin mota a fesa masa ruwa mai ƙarfi, giris ɗin da ka biya ne zai fita.

Maganar sutura, na san ba kowa ke iya fita unguwa da matsattsen wandon 'yan tsere ba, ni ma ban iya ba. Ana sa mai soson a ciki, a ɗora wando marar nauyi a kai, a ɗaure ƙafar dama da roba don kada sarƙa ta kama. Doguwar riga dai a bar ta sai an dawo. Hular kwano kuwa ba a ciniki a kanta, ko yaran unguwa za su yi dariya.

Lokacin fita shi ne bayan asuba, a dawo kafin rana ta yi ƙarfi, da fitila ja a baya saboda hazo da 'yan kabu-kabu masu fitowa daga lungu ba sallama. Ka fara da kilomita 10 zuwa 15, kwana uku a mako, mazaunai za su yi tsami a farko sannan su daina. Ka tsaya a hanyoyin da ke da jama'a kusa da gari, in za ka yi nisa ka tambayi direbobin tasha halin da hanyar ke ciki a ranar, ka fita da abokin tafiya, a gida kuma a san inda ka nufa. A ƙarƙashin sirdi ka ɗaura tub ɗaya, da faci da sholisho, da ƙarfen ɓanɓare taya biyu, da ƙaramin famfo, da alanki mai lamba 4 da 5 da 6. Ka koyi sauya tub a tsakar gida tun kafin ka buƙace shi a hanya, kuma duk lokacin da ka cire taya ka bi cikinta da yatsa a hankali, don tsinin tsidau yakan karye ya zauna a ciki yana jiran sabon tub.

Bayan mako biyu ka koma wurin mai gyara. Sababbin wayoyi suna saki, giya za ta fara ƙara, birki ya yi nisa. Juyi biyu ko uku ne na ɗan noti, ka tsaya kusa ka ga yadda yake yi.